Tarin Baffa Labo

Salama gare ku, 'yan uwa masu karatu. Ni ce Lai'atu, ɗiyar Dattijo Iliya mai noman albasa, daga wani gari da ke gefen Galmi in an baro Dogarawa. Tun jiya nake rubuta layin farko ina gogewa, yatsuna sai zufa suke a kan gilashin waya. Na saba karanta labaran wasu ina kwance cikin gidan sauro, ina dariyar wautar 'yan matan ciki. Yau ga ni tsakar fili, ni ce mai wautar. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri, karon farko ne.

Bari in fara da ranar da Yakuba ya sa na so ƙasa ta tsage in shige.

Yakuba malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Illela. Dogo ne, baƙi, da 'yar wushirya, ba ya magana da ƙarfi ko da yaransa na aji. Mun haɗu a taron matasan majami'u a Konni, inda tsabar rawar jiki ta sa na juye masa kunun zaki a gaban riga. Na tsaya, tabarau na zamewa daga hancina, shi kuwa ya dubi rigar ya ce, "Kar ki damu, da ma tun sahe take kukan ƙishirwa." Daga nan aka fara.

Da magana ta yi nisa, ya ce zai zo sujadar Lahadi a garinmu, iyayena su gan shi ido da ido. Ranar na sa atamfata mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, na yi ɗauri na kwance, na sake ɗaurawa, har Inna ta ce ko kan nawa sabo ne. Shi kuma ya zo cikin shadda ruwan sararin sama, an buge ta tana ƙyalli, da hula zanna da ya aro wurin abokinsa. Abin da ban sani ba, ya kwana yana gyaran takardun jarrabawar yara, ya hau moto, wato babur, tun gari bai waye ba don kar ya makara.

Baba dattijo ne a majami'a. Don karramawa sai ya zaunar da baƙon a bencin gaba, kusa da shi.

Kun san bazarar ƙasarmu, ga rufin kwano. Ista ta kusa, Fasto yana wa'azi kan almajiran da suka ɓingire da barci a lambu alhali Ubangiji yana addu'a. Ya ɗauki zafi, yana share zufa da hankici, ya buga teburi ya ce, "Mai bi ba ya gyangyaɗi! Wa ke a faɗake cikinku yau?"

Majami'a ta yi tsit. Cikin tsit ɗin nan sai ga minshari.

Ba ƙaramin minshari ba, irin na injin ban ruwa in mai ya kusa ƙare masa. Yara suka fara ƙyalƙyala, matan zumunta suka cusa baki cikin gyale. Kan Yakuba ya yi gaba, hular aro ta faɗo ta gangara, ba ta tsaya ko'ina ba sai kan ƙafar Baba. Baba ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe ta a hankali, ya ɗora a gwiwarsa. Bai tashe shi ba. Waƙar rufewa ce ta tashe shi.

Bayan sujada ya durƙusa ya gaida kowa, idanunsa ja wur don kunya, ya hau moto da kai tsirara. Ko hular bai iya tambaya ba.

"Wanga na surukin?" Inna ta ce tun kafin ta sauke gyale. "Gaban Fasto bai iya riƙe idonai ba, ina shi iya riƙe gida? Ni da za ni shiga cikin mata gobe, mi zan ce musu?"

"Inna, gajiya ta. Tun daga Illela hwa."

"Daga Agadas ma yat taso! Ke rufe min baki, mai ido huɗu ba ki ganin komi."

Baba ya gama tuwo ya wanke hannu. Sannan ya kira ni. Na durƙusa nesa kaɗan, ina wasa da bakin tabarma.

"Lai'atu. Ban ce mugun yaro ne ba. Amma rayuwar mai bi tsaro ce, dare da rana. Wanda za ni ba ɗiyata, ina so shi zan mai ido buɗe." Ya ture kwanon tuwo gefe. "Asabar, in mun gama kwasar albasa, za ni wurin Yaya Labo in gaya mishi ko shi buɗe wa magabatan yaron ƙofa, ko shi ba su haƙuri. Kahin nan ki rage wagga waya. Ki yi addu'a."

Dole in tsaya in gaya muku waye Baffa Labo, don in ba shi babu labarin.

Yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Baba ya karɓi bangaskiyar Almasihu tun yana saurayi, Baffa yana nan kan Musuluncinsa, shi ne ma ladanin masallacin da ke can ƙarshen gari wajen garake. A wurinmu uba ba ya ba da ɗiyarsa da bakinsa, ɗan uwansa ke bayarwa. Saboda haka ko da a majami'a za a ɗaura aurena, gaban Baffa za a ajiye goro, shi zai ce an ba ku ko ba a ba ku ba.

Wani abu kuma, gidanmu ba mu taɓa sayen agogon tashi ba. Baffa ne agogonmu. Kullum asuba za ka ji an kunna lasifika, ya hura cikinta, fuu, fuu, ya yi ɗan tarinsa na tsufa, sannan ya ja kiran salla a hankali kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Sai ka ji Baba daga ɗaki yana cewa, "Yaya ya tada nashi, mu tashi mu yi namu." Mu fito tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, a yi waƙa ɗaya, a karanta Kalmar Allah, a yi addu'a. Haka na buɗe ido na tarar. Baffa kan tsokani Baba ya ce, "Ladan guda, jam'i biyu. Ka ce wa Fastonku shi riƙa aiko min da goro."

To, makon nan da ya biyo bayan minsharin, kowa a gidanmu ya shiga hidima. Baba ya tare a garka, can yake kwana cikin bukka kusa da tsibin albasa, saboda in an tone ta ba a barin ta ita kaɗai. Gaisuwar da yake zuwa yi wa Baffa kowace safiya ta tsaya, kamar yadda take tsayawa duk shekara lokacin kwasa. Inna ita ce ma'ajin ɗinkin ankon zumuntar mata na Ista, ɗakinta ya cika da yadi da zare, bakinta kullum da allura. Ni kuma matar Fasto ta ɗora mini jagorancin nazarin 'yan mata na Lahadi mai zuwa. Kan magana: zama a faɗake. Har yau ban sani ba ko da gangan ta yi.

Na ɗauki abin da zafi. Na ce tunda saurayina ya yi barci a madadinmu mu biyu, ni zan farka a madadinmu mu biyu. Na kwaso littattafai na baza a gado, ina karatu ina jan layi. Kuma duk abin da na karanta, a kan Yakuba nake sauke shi.

Ga gaskiyar da ban so faɗa ba. Dokar gidanmu, ba a taɓa waya kafin addu'ar safe. Amma rezo, wato sabis ɗin waya, a garinmu ba ya kamawa sosai sai da asuba, kuma sai a bayan rumbun hatsi. Tun da daɗewa nakan riga kowa tashi, in lallaɓa can da zane a kafaɗa, in yi wa Yakuba saƙon murya, wanda muke ce wa bokal, in dawo in kwanta kamar ban san komai ba. Baba ya ce in rage. Ban rage ba, sai dai na mai da shi wa'azi, na ce wa zuciyata ai aikin Ubangiji nake.

"Yakuba, ka sani Shaiɗan ba ya shigowa da ganga. Ta ƙaramar ƙofa yake bi, kamar gyangyaɗi."

Amsarsa takan zo a rubuce kafin ya shiga aji.

"Ina kwana, Malama Fasto. Na ji, na tuba."

"Ba wasa nika yi ba."

"Ni ma. Jiya har kofi na sha kahin in yi addu'a. Hulata tana lahiya?"

"Tana ɗakin Baba."

"Wayyo. Ki gaishe ta. Mai ita shina nemana ruwa a jallo."

Ina so in yi fushi, sai in tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai a bayan rumbu, kaji na kallona.

Ranar Alhamis na tura masa mai tsawo, har da misalai. Muka yi addu'ar safe da Inna, ni na ma ja ta, na roƙi Ubangiji ya buɗe mana ido da kunne, na yi wa masu bi na ƙasashe masu nisa addu'a ɗaya bayan ɗaya. Da hantsi ina wanke-wanke waya ta yi ƙara a cikin zanena.

"Lai, in tambaye ki. Ina tsohon nan mai tari?"

"Wane tsoho?"

"Ladanin da ke bayan muryarki. Kullum kina cikin magana sai in ji ya hura lasifika, ya yi tari, kana ya kira. Har na saba, ina jiran shi kamar gaisuwa. Tun bokal ɗin Litinin ban ji shi ba. Wata murya ta, ta saurayi, mai sauri. Ba shi na Baffan da kika ce ba? Lahiya dai?"

Ku ji halina. Abin da ya fara zo mini haushi ne. Na share hannu a zane na rubuta da sauri har ina kuskuren baƙaƙe.

"Ashe ina zuba maka zuciyata, kai bayan gida kaka saurare."

"Ina sauraren ki, har da abin da ke kewaye da ke. Ki dai duba."

Na zauna a kan turmi da aka kifa. Na koma can baya cikin saƙonni, na danna na makon jiya, na kara a kunne. Muryata tana surutu, sai can nesa: fuu, fuu, ɗan tari, kira a hankali. Na danna na Litinin. Ba hurawa, ba tari. Wata siririyar murya ta shiga kira kai tsaye kamar ana korar ta. Na Talata haka. Na Laraba haka. Na yau da asuba, wanda na cika da zancen buɗe kunne, haka.

Ruwan wanke-wanke na ɗiga daga gwiwar hannuna, amma jikina ya yi sanyi ƙalau cikin zafin nan.

Na leƙa ɗakin Inna. Tana durƙushe kan yadi da almakashi.

"Inna, wa yak kira salla yau?"

"Baffanki mana, wa kuma?" Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kin ji tarinai?"

Almakashin ya tsaya a tsakiyar yadi. Ta ɗago a hankali, ta zare allurar daga bakinta. Na ga tana lalube cikin kanta, tana neman tarin, ba ta same shi ba.

"Yesu mai ceto," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ruga ki gano. Ina bisa sawunki."

Ban san na iya gudu ba sai ranar. Gyale a hannu, silifa na tashi da ƙasa, na ratsa kasuwar 'yan tumatir na bi ta bayan makaranta har gidan Baffa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa yana cin rani a Abijan, daga shi sai surukarsa Hamdiyya da jaririnta. Na tarar da ita zaune bakin murhu ta yi tagumi. Tana ganina ta fashe da kuka.

"Alhamdu lillahi! Lai'atu, ya hana ni. Ya ce in na taka gidanku bai yahe min ba, wai Baba Iliya na da albasa a ƙasa, kar a tada mai hankali. Mutanen masallaci ya ce musu mura ta, ɗalibinai Shamsuddin ka kira mishi. Jiya ko kunu bai sha ba."

Na yi sallama na ɗaga labule. Ɗakin na warin man zafi da hayaƙin magani. Baffa yana kwance a kan gadonsa na kara, tazbaha a hannu, ƙirjinsa na wani irin fito duk numfashi. Mutumin da muryarsa ke tada gari guda, sai da na sunkuya kafin in ji shi.

"A'a. Malama mai ido huɗu. Wa ya aiko ki?"

"Baffa, asibiti za mu."

"Kayya. Sanyi na. Gobe in Allah ya so ni ka kira." Tari ya sarƙe shi, ba irin ɗan tarin da muka sani ba, wani mai tahowa daga can ƙasa yana girgiza gadon.

Na san ba zai ji maganata ba, ba zai ji ta Inna ba. Mutum ɗaya ne a duniya yake iya yi masa gardama. Na kira wayar Baba, a kashe, ba caji a garka. Na bar Inna da ta shigo tana haki, na sake zubawa da gudu.

Garka ta cika da mutane. Albasa ja jawur tsibi-tsibi, mata na yanke ganye, 'yan dako na ɗora buhuna a wata a-kori-kura. Baba yana tsugune yana ɗinke bakin buhu da basilla, dillali tsaye a kansa yana zuba.

"Baba! Baffa ba shi da lahiya. Sosai."

Ya ɗago yana ƙifta ido saboda rana. "Wane Baffa? Da asuba na ji kiranai daga nan."

"Ba shi ba ne, Baba. Shamsuddin na. Tun Litinin."

Basillar ta faɗi cikin albasa. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya miƙe, ya dubi masallacin da ke hange daga inda muke, hasumiyarsa da lasifikar a sama, kusa ƙwarai. Sannan ya juya ga direban a-kori-kurar.

"Ku sauke buhunan nan."

"Dattijo, yanzu muka..."

"Ku sauke, na ce!"

A ɗakin Baffa, Baba bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya durƙusa bakin gado ya kama hannunsa.

"Yaya. Ni za ka ɓoye ma?"

"Kai da ke da albasa a ƙasa..."

"Ta ruɓe! Albasa ta haihe ni ko ta goya ni?" Ya sa hannu ya ɗauki yayansa cak kamar yaro, Baffa yana faɗa da 'yar muryarsa wai a sauke shi, shi ba buhu ba ne, wai tun Iliya na yaro ba ya jin magana. Hamdiyya na biye da filo da buta, tana kuka tana dariya.

A asibiti likita ya ce ciwon huhu ne. Ya ce an zo, amma da an ƙara kwana ɗaya ko biyu da zancen ya sha bamban. Aka sa masa ƙarin ruwa da allurai, barci ya ɗauke shi. Inna da Hamdiyya suka tafi neman ruwan zafi. Ya rage daga ni sai Baba a kan benci a baranda, ƙafafunsa fari fat da ƙasar garka.

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Ke, wa yag gaya miki?"

Ku da kuke karatu, na rantse zuciyata ta kawo mini amsa mai sauƙi tun kafin ya rufe baki. In ce Hamdiyya ce ta aiko. In ce ni na lura da kaina, har ma a yaba mini. Ba wanda zai bincika. In kuwa na faɗi gaskiya, na tona wa kaina asirin bayan rumbu, kuma Asabar saura kwana biyu. Ashe ƙaramar ƙofar da nake ta yi wa Yakuba wa'azi a kanta, ga ta a gabana a buɗe, daidai tsawona.

Na ciro wayar.

"Yakuba na, Baba."

"Yakuba? Shina garin?"

"Shina Illela."

Na danna masa tsohon bokal. Muryata ta fito a barandar asibiti tana cewa abubuwan da ba a yi su don kunnen uba ba, har da "ka ci abinci dai kahin ka hau moto, ka ji?" Na so in narke. Can baya, fuu, fuu, da ɗan tari. Na danna na Litinin. Sannan na nuna masa abin da Yakuba ya rubuto. Baba ya nisanta wayar daga idonsa ya karanta a hankali, leɓunansa na motsi.

"Wanga wane lokaci ne kika yin shi?"

"Asuba."

"Kahin addu'a."

"I, Baba."

Ya miƙo mini wayar. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana juya ta.

"Ina kwance cikin bukka, masallaci ga shi ga ni. Kullum in ji kira in ce Yaya ya tada nashi, in durƙusa in roƙi Ubangiji shi kiyaye ni daga barcin ruhu." Ya girgiza kai. "Na ji kira, ban ji ɗan uwana ba."

Na ce, "Ni ma, Baba."

"Ke zancenki daban. Maganar waya kahin addu'a ba mu gama ta ba." Amma ya ɗora tafin hannunsa a kaina, mai warin albasa da ƙasa, ya bar shi nan ɗan lokaci.

Ranar Asabar Baffa ya iya zama, an jingina shi da filo, har ya sha fura ya ce ba ta ji nono ba. Da azahar sai ga Yakuba. Ba wanda ya gayyace shi, amma dubiya ba a hana ta. Ya zo da lemu cikin leda da kwalbar zuma, riga mai sauƙi, kai ba hula. Ina hango shi na ja Hamdiyya muka fice baranda, muka zauna ƙarƙashin taga muna ɓare lemun da ba wanda ya ce mu ɓare. Tagar a buɗe take. Ba laifina ba ne.

Muka ji ya tuɓe takalmi ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo. Sannan muryar Baffa, ta ɗan dawo.

"Kai na mai sauraren tarina daga Illela?"

"Ni na, Baba."

"Kuma kai na mai barci a majami'ar ƙanena? Labari ya iske ni har gado."

"Ni na, Baba."

Hamdiyya ta toshe baki da lemu.

"To, Iliya. An ce yau za ka kawo min amsa."

"Yaya, ɗiya taka ta," in ji Baba. "Ni na zo da magana a baki tun Lahadi, amma ta zube a hanya."

Baffa ya yi 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Tun wanga yaro bai zo duniya ba nika kira. Musulmi su ji su tashi, Kirista su ji su tashi. Da na yi shiru, mutum guda yat tambaya ina tsohon, shi ma ba garin shike ba." Ya numfasa. "Yaro, ka ce wa magabatanka, ran da na koma bisa lasifika su zo. Farin goro nika so, mai taushi, haƙoran sun tahi."

Lemun da ke hannuna ya faɗi ya gangara cikin rariya. Hamdiyya ta mintsine ni a cinya har sai da na kusa ƙara.

"Saura ni," na ji Baba ya ce. Na ɗan miƙa wuya na leƙa. Ya sa hannu cikin aljihun babbar rigarsa ya ciro hular aro, an wanke ta an karya ta da kyau. "Ga hularka. Daga yau in za ka zo sujada, ka kwana gidan Fasto tun Asabar. Benci na gaba, kusa da ni. In ka gyangyaɗa, wannan karon zan tashe ka."

"Na gode, Baba."

"In ni na gyangyaɗa, kai ma ka tashe ni."

Inna, da ke zaune gefe tana fifita da murfin kwano, ta ce ita dai ba a tambaye ta ba, kuma har yanzu minsharin na cikin kunnenta. Amma da Yakuba zai tafi, ita ta ɗaure masa soyayyar gyaɗa a leda, tana faɗan wai dubi wuyansa kamar ba a dafa abinci a Illela.

Washegari na tsaya gaban 'yan mata da tulin abin da na shirya. Na dubi takardun, na kife su a benci. Na ce kowace ta duba dama da hagu ta gaya mini wa ya saba zama nan da yau babu shi, kuma a unguwarsu muryar wa ta kwana biyu ba ta ji ba. Sai sunaye suka fara fitowa. Nazarin ranar a kan ƙafa muka ƙarasa shi, gida gida, cikin rana.

An sallamo Baffa, yana gida yana murmurewa, yana faɗa da Hamdiyya kan magani. Wayata yanzu a ɗakin Inna take kwana, ba na taɓa ta sai an ce amin. Kowace asuba nakan farka in kwanta shiru, kunnena a waje. Shamsuddin ya kira da saurinsa, in yi masa addu'a shi ma, in tashi. Kowace safiya kuma in tarar da saƙo iri ɗaya daga Illela: "Yau hwa?" In rubuta, "Tukuna."

Yau da asuba aka kunna lasifika. Na ji 'yar ƙararta, sannan shiru.

Fuu. Fuu.

Na tashi zaune cikin gidan sauro, na riƙe numfashi. Sai ga shi, ɗan tarin nan na tsufa, da kira a bayansa a hankali, guga na tahowa daga rijiya. Daga ɗakin Inna na ji guɗa ƙasa-ƙasa. Baba ya fito tsakar gida ba ko takalmi, ya tsaya yana fuskantar ƙarshen gari har aka gama. Da ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba faɗa, muryar ta ƙi fita, sai ya shimfiɗa tabarma kawai.

Muka yi waƙa, muka yi karatu, muka yi addu'a. Ban yi sauri ba, Allah ya sani, ko da yake ƙafata ɗaya ta riga ta fuskanci ɗakin Inna. Da aka ce amin, ita da kanta ta miƙo mini wayar tana harara ta.

"Yau hwa?"

Na gyara tabarau, na share yatsuna a zane.

"Ya yi tari. Ka nemo farin goro."